Yaya za a haskaka dandalin bakin ƙofa da ragowar ganuwa ba tare da an ɓata su ba?

Sakataren Unguwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar masana da sauran ma'abota wannan zaure a kan wani aiki da ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta ɗauko a bakin ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Kano. A gefen ƙofar akwai wani fili da ya daɗe da zama dandalin dare, inda masu shayi da mai tsire da mata masu suyar awara suke kasa sana'arsu tun daga bayan magariba, 'yan adaidaita sahu suke sauke fasinja, kuma ta nan dattawa suke ratsawa zuwa masallaci da asuba. Daga bayan filin akwai ragowar ganuwa wadda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa suka rage mana, sai kuma wani tsohon soro mai zankwaye da zanen dagi a goshin ƙofarsa. Da rana wurin yana da kwarjini, amma da dare ba a ganin komai sai 'yan fitilu masu caji da masu sana'a suke ratayawa a kan teburansu.

Masu hali na unguwa da 'ya'yanmu mazauna wasu garuruwa sun tara gudummawa domin a sa wa wurin fitilu, sai dai a zaman da muka yi ra'ayi ya rabu gida biyu. Dattawa suna son a kafa dogayen turaku huɗu ko shida, a ɗora musu manyan fitilun sola farare irin na gidajen mai, domin a cewarsu idan wuri ya yi haske tar ɓarawo ba ya kusantarsa. Matasa kuwa sun kawo hotunan biranen ƙasashen waje a wayoyinsu, suna son a jera wa ƙofar da ganuwar fitilu masu sauya launi, daga kore zuwa shuɗi zuwa ja, domin wurin ya zama abin zuwa ɗaukar hoto. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya daga cikin biyun ba, amma ba ni da hujjar da zan tsaya a kanta a gaban mutanen da suka fitar da kuɗinsu.

Abin da nake son sani shi ne, wane tsari biranen da suka yi suna a wannan fanni suke bi kafin su haskaka gine-ginen tarihi da wuraren taruwar jama'a? Shin yawan haske shi ne tsaro? Sannan wane irin kaya ne zai jure zafinmu da ƙurar hunturu, kada bayan shekara ɗaya mu wayi gari da turaku a tsaye babu wuta, kamar yadda muke gani a tituna da yawa? Allah Ya saka da alheri.

Mai Tsara Birane ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kana da gaskiya da zuciyarka ta ƙi kwanciya, domin ɓangarorin biyu duk sun fara ne daga inda ya kamata a ƙare, wato zaɓen fitila. Kafin a je kasuwa akwai tambayoyin da sai a tsaye a filin da dare ake iya amsa su: me ake son ido ya gani, daga ina mai kallo zai tsaya, su wa suke amfani da wurin a kowace sa'a, kuma ƙarfe nawa ƙafa take ɗaukewa.

Birnin da aka fi buga misali da shi a wannan fanni shi ne Liyon na ƙasar Faransa. A shekarar 1989, zamanin magajin gari Michel Noir, hukumar birnin ta fitar da tsarin haske na gari gaba ɗaya, a lokacin da yawancin birane ba su ɗauki fitilar titi a bakin komai ba face abin da zai hana motoci karo. Sun dubi garin ne a dunƙule: koguna biyu da suka ratsa shi, wato Rhône da Saône, da gadojin da ke kansu, da tudun Fourvière da majami'ar da ke samansa, da tsofaffin unguwanni da manyan hanyoyin shiga gari. Sai suka bi su daki-daki suna tsara wanda zai fi fitowa da wanda zai bi bayansa, har da wanda za a bari cikin inuwa domin na kusa da shi ya fito sosai. Sannu a hankali aka haskaka ɗaruruwan wurare, har ta kai a 2002 Liyon ta jagoranci kafa ƙungiyar birane ta duniya mai suna LUCI, wadda aikinta musayar ilmi ne a kan hasken gari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da suka sake zama a kan tsarin bayan kimanin shekara 15, ba ƙari suka yi ba; sun karkata ne ga rage cin wuta, da rage hasken da yake tashi sama a banza, da kuma bin yadda mutane suke rayuwa a kowace unguwa maimakon ƙawata manyan gine-gine kaɗai.

Game da launuka, ina kyautata zaton wasu daga cikin hotunan da matasanku suka nuna na lokacin biki ne. Ita kanta Liyon tana da bikin fitilu a kusa da ranar 8 ga Disamba, wanda asalinsa ya faro daga 1852 lokacin da mutanen garin suka jera kyandura a tagoginsu, kuma a yau kwana huɗu ake yi ana watsa launuka da hotuna a jikin gine-gine. Da an watse sai garin ya koma ga haskensa mai natsuwa. Launi yana burge mutane ne saboda ba kullum ake ganinsa ba, kuma ganuwar da take sauyawa daga kore zuwa ja kowane dare ba za ta yi wata guda ba ta fara kama da ƙofar wurin biki. Ku faɗa wa matasan ba a watsar da shawararsu ba, a ajiye ta ne zuwa makon Sallah da Maulidi da ranar Takutaha, lokacin da gari yake cike da baƙi.

Su kuma dattawa, abin da za a yi musu bayani cikin ladabi shi ne yadda ido yake aiki. Ido yana daidaita kansa ne da abu mafi haske da ke gabansa, saboda haka idan aka kafa fitila mai ƙarfin gaske a kan dogon turke, wanda yake ƙarƙashinta zai fito sarai, amma lungun da ke bayan rumfar mai shayi da gindin ganuwa za su fi dā duhu a idon mai tafiya. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare mota ta dalle shi da fitila ya san cewa a wannan daƙiƙar ba ya ganin mai keken da ke gefen titi. Mugu yakan tsaya ne a bayan hasken, yana ganin kowa babu mai ganinsa. Abin da yake kawo natsuwa shi ne haske matsakaici wanda ya bazu daidai wa daida, har mutum ya iya shaida fuskar mai tahowa tun yana nesa da shi da 'yan taku.

A kan ginin kansa kuwa, darasin hasumiyar Eiffel ta Paris ya isa. A dā daga waje ake harba mata manyan fitilu, sai a ƙarshen 1985 wani gwani mai suna Pierre Bideau ya shigar da fitilu 336 cikin ƙarafunanta, suna haska ta daga ciki, ta koma launin zinariya. Mai kallo yana ganin hasumiya, ba ya ganin ƙwan fitila, kuma wannan ita ce ƙa'idar da zan so ku riƙe a kan soron nan. Sannan duk da shahararta, a Satumban 2022 an koma kashe ta ƙarfe 11:45 na dare maimakon ƙarfe 1, domin tsimin wuta, kuma tun 2013 dokar Faransa ta wajabta kashe fitilun da ke haska fuskokin gine-gine idan ƙarfe 1 na dare ta yi. Idan ƙasar da ba ta san ɗauke wuta ba tana yin haka, ban ga dalilin da zai sa ƙungiyar unguwa ta ƙona batirinta tana haska ganuwa ƙarfe 3 na dare ba.

Injiniyan Lantarki ya rubuta:

Malam Sakatare, ni ta ɓangaren kaya zan shigo, domin a nan ne kuɗin jama'a ya fi salwanta. Farkon abin da za ku yi shi ne ku daina duba adadin wat ɗin da aka rubuta a jikin kwali. Kasuwa cike take da fitilun sola da aka buga wa wat 500 ko 1,000, alhali faifan solan da ke bayansu bai fi faranti ba. Lissafin ba shi da wuya: fitilar da take cin wat 500 na gaskiya, idan ta kwana sa'a 12 a kunne, tana buƙatar wat 6,000 na sa'a, wato jimillar wutar da za ta sha (wat 500 sau sa'a 12), kuma batirin da zai riƙe wannan sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Abin da ake tambaya shi ne lumen, wato yawan hasken da fitilar take fitarwa, da ƙarfin batir da girman faifai, kuma a rubuce a cikin takardar ciniki.

Bari in ba da misali da abin da ya dace da fili irin naku. Fitilar LED mai kyau wadda take cin wat 30 tana ba da kimanin lumen 4,000. A sa'a 12 za ta sha wat 360 na sa'a, saboda haka tana son faifai na kimanin wat 100, da batirin da zai iya riƙe dare biyu, misali mai bolt 12.8 da amfiya 60, domin ranar da hazo ko hadari ya rufe rana. Amma idan aka saita ta ta yi cikakken haske na sa'a 5 daga magariba, sannan ta sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku na sauran sa'a 7, abin da za ta sha ya dawo wat 220 na sa'a. Wannan ragin shi ne bambancin fitilar da take kaiwa asuba da wadda take mutuwa ƙarfe 2, daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Hasken da ya sauka a ƙasa da ma'aunin lux ake auna shi. Farin wata na daren sha huɗu bai kai lux 1 ba, amma mutum yana ganin hanya da shi. Hanyar masu tafiya a ƙafa lux 5 zuwa 10 ya wadatar da ita, wurin saye da sayarwa kuma 15 zuwa 20, alhali ƙarƙashin rumfar gidan mai ɗaruruwa ne. Saboda haka maimakon dogaye huɗu, gara gajerun turaku masu tsawon mita 4 zuwa 5, a jera su da tazarar da ba ta wuce ninki uku zuwa huɗu na tsawonsu ba, kuma kan fitilar ya kalli ƙasa sosai. Masu kafawa suna da ɗabi'ar ɗaga kan fitila sama wai don ta yi nisa, kuma wannan ɗagawar ce take kashe ido.

Sai launin hasken, wanda ake aunawa da kelbin. Yawancin na kasuwa 6,000 ne zuwa 6,500, wato fari mai ratsin shuɗi, tsofaffin fitilun titi masu ruwan lemo kuwa kusan 2,000 ne. Ku nemi 2,700 zuwa 3,000. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada fitilun titi su wuce 3,000, saboda farin haske mai shuɗi yana kashe ido yana kuma dagula barci, kuma a ƙarshen 2018 Faransa ta sa wannan iyaka a cikin dokarta. Mu a nan muna da ƙarin dalilai. Jar ƙasar ganuwa takan koma toka-toka a ƙarƙashin farin haske, tsiren da ke kan tire ya yi kamar ya kwana, sannan ƙwari sun fi bin haske mai shuɗi. Ku tambayi mai shayi abin da yake sha a hannun shinge a farkon damina.

Batir ya zama litiyom irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, domin ya fi jure zafi, na dalma kuwa da wuya ya wuce shekara biyu a cikin akwatin ƙarfen da ranar Afrilu take dukansa. Faifai ya fuskanci kudu, a karkace da kimanin digiri 12 zuwa 15, tunda Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, kuma karkacewar tana taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa babu ruwan da zai wanke, dole a sami mai goge ƙura a kai a kai, kuma wannan wani dalili ne na gajerun turaku, domin tsani na gida yana kaiwa. Jikin fitilar ya kasance mai lambar IP65 ko sama da haka, don kada ƙura da ruwa su shiga. Batir ya zauna a sama tare da fitilar, a ɗaure shi da kusoshin da sufana ta kasuwa ba ta kwance su.

Shawarata mafi nauyi ita ce kada ku kashe kuɗin duka a kan saye. Ku rage adadin fitilun, ku ware wani kaso a asusun gyara, ku naɗa mutum ɗaya da sunansa wanda alhakin dubawa yake wuyansa. Kuma kafin ku biya, ku sa mai kayan ya kafa guda ɗaya ta kwana bakwai, wani daga cikin masu zuwa sallar asuba ya riƙa duba ko tana nan a kunne.

Hajiyar Cikin Gari ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na karanta bayanan malaman nan biyu, Allah Ya ƙara basira, amma akwai inda nake son a yi hattara. Malam Mai Tsara Birane, maganar kashe fitila da tsakar dare ta tsorata ni, domin mutanen Paris ba su ne za su ratsa wannan fili ba. Matar da naƙuda ta kama ƙarfe 2 na dare a bakin ƙofa ake tsayawa da ita ana neman adaidaita sahu. 'Yan mata masu dawowa daga makarantar dare ta nan suke bi, a goman ƙarshe na azumi kuwa mata da yara suna fita tahajjudi ba sa dawowa sai dab da sahur. Masu ƙwacen waya ba su da lokacin tashi daga aiki. Dattawan da suka ce a yi haske ba don ƙauyanci suka faɗa ba, sun san abin da duhu ya jawo wa unguwanni.

Amma a ɗaya ɓangaren ina goyon bayanku ɗari bisa ɗari a kan dogayen turaku, kuma dalilina ba na injiniyoyi ba ne. A layinmu an taɓa kafa irin wannan doguwar fitila a jikin katangar maƙwabta, ba tare da an yi shawara da ko mace ɗaya ba. Katangar gidajenmu ba ta kai rabin turken ba, sai hasken ya zuba a tsakar gida har bakin madafa. Da bazara, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, kowa a tsakar gida yake shimfiɗa tabarma, mata suna sassauta sutura saboda zafi, ga kuma benaye a kewaye. Sai da ta kai matan gidan suna rataya zannuwa a igiyar shanya domin su sami inuwar da za su kwanta, jariri kuma ya ƙi barci. Daga ƙarshe wani yaro ya hau ya shafa wa rabin gilashin baƙin fenti, aka yi ta cewa ɓarna ce, ni kuwa na san gyara ya yi.

Saboda haka, Malam Sakatare, ranar da za ku gwada fitilar kada ku tsaya a fili kawai. Ku nemi izinin masu gidajen da ke kewaye, a aiki mace ta shiga ta tsaya a tsakar gida ta ga inda hasken ya faɗa. Sannan ku kira masu suyar awarar nan ku tambaye su inda suke jin tsoro idan sun tashi daga sana'a, domin na tabbata ba tsakiyar fili za su nuna muku ba, lungun da suke bi zuwa gida za su nuna.

Mai Tsara Birane ya sake rubutawa:

Hajiya, Allah Ya ƙara girma, maganarki ta shiga. Wadda za a kashe ita ce fitilar ado da take haska soro da ganuwa, ta hanya kuwa ragewa za a yi kamar yadda Injiniya ya lissafa, ba za ta mutu ba har gari ya waye, kuma a goman ƙarshe ana iya sauya saitin ta kwana da ƙarfinta. Dole ne a raba layin biyun tun daga farko, domin idan aka haɗa su a batir ɗaya, adon ne zai cinye rabon hanya.

A kan tsaro kuwa, binciken da aka yi bai tsaya a gefe ɗaya ba. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, inda aka ƙara fitilu a wasu aka bar wasu, sai aka ga manyan laifukan da ake aikatawa a waje da dare sun ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 a inda aka ƙara. Amma wani binciken da aka fitar a 2015, wanda ya duba ƙananan hukumomi 62 na Ingila da Wales da suka rage ko suka kashe fitilun titi a wani ɓangare na dare, bai ga shaidar ƙaruwar laifuka ko haɗurra ba. Yadda na fahimci abin shi ne, haske yana aiki sosai a inda dā ma akwai duhu da matsala da kuma idanun mutane a kusa, amma da zarar an kai gwargwadon da ake shaida fuska, ƙarin da aka yi a kai ba ya ƙara tsaro. Dandalinku yana cikin kashi na farko, kuma masu shayin da suke kaiwa tsakar dare suna cikin masu tsaronsa, saboda haka kada a kafa turke a inda zai tashe su. Lungun da Hajiya ta ambata ya fi ganuwar kanta cancantar fitila biyu, idan kuɗin bai isa duka ba.

Jikan Magina ya rubuta:

Malam Sakatare, ni a gidan magina na tashi, kuma roƙona ɗaya ne: kada ƙusa ko ɗaya ta shiga jikin ganuwar nan ko soron. Ginin ƙasa ba ya mutuwa da tsufa sai da ruwa, kuma duk ramin da aka huda don ɗaure fitila ko jan waya hanya ce aka buɗe wa ruwan Agusta ya shiga cikin tubali. Haka nan kada a haƙa ramin turke ko na waya a gindinta, kada kuma a zuba kankare a jingine da ita, domin siminti yana riƙe danshi a cikin ƙasa, ka ga bango lafiya lau daga waje alhali cikinsa ya ruɓe. Fitilun ado su zauna a kan 'yan dakali nasu na daban, a ja su baya kaɗan, a kewaye su da ragar ƙarfe saboda awaki da ƙwallon yara.

Game da inda hasken zai fito, idan aka dalle bangon ƙasa daga gaba kai tsaye, shafe shi ake yi, ya koma kamar allo. Kyan aikin magina yana cikin tudu da kwarinsa: sawun yatsu a jikin yaɓe, kaurin gindi da yadda bango yake sirancewa yana hawa, da zanen da aka tayar da shi sama da fuskar bango. Waɗannan sai da inuwa suke fitowa, shi ya sa soro ya fi kyau da hantsi da kuma bayan la'asar, lokacin da rana take dukansa a karkace. Ku kwaikwayi wannan. Fitila ƙarama a gefe ɗaya, tana shafar goshin ƙofar a kaikaice, za ta fitar da dagin nan fiye da manya huɗu, kuma a bar ɗan haske ya kai ga zankwaye domin su ne suke nuna siffar ginin daga nesa. Ganuwar kuwa ba sai an bi ta duka ba, a zaɓi inda ta fi tsayi da lafiya. Ku sani fa haske a kaikaice yana tona duk wata tsaga da zaizaya, don haka a kira magini ya yi yaɓe da makuba kafin a kunna, kuma wannan aikin na rani ne.

Kafin duk wannan sai an nemi izini. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an faro ta tun zamanin Sarki Gijimasu, tana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuma tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin neman shiga kayan tarihin duniya. Ku fara da mai unguwa ya kai ku ga hakimi, ku rubuta wa ofishin hukumar da ke Gidan Makama, sannan hukumar tsara birane ta jiha ta ga inda turakun za su tsaya saboda bututun ruwa da faɗin titi. Idan za ku je, ku tafi da zanen filin a takarda, da alamar kowane turke da inda haskensa zai faɗa, da sa hannun masu gidajen da ke kewaye.